Zauren Inna: Uwar kuɗi ba a yanka ta

Assalamu alaikum, ƴaƴana da ƙannena. Wasiƙun wannan wata sun yi yawa, wasu a takarda, wasu saƙon murya ne da jikata ta zauna ta rubuta mini ɗaya bayan ɗaya. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye na bar unguwa kawai, don Maraɗi gari ne da kowa ya san ƙofar gidan kowa.

Daga wata baiwar Allah, Sabon Gari

*Inna, barka da war haka. Ni matar aure ce, ƴaƴana biyar. Shekara huɗu ke nan ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma sau uku ina tada jari yana karyewa. Na farko ɗan kunnena na sayar, na biyu kwasar adashi ce, na uku yayana ne ya aiko mini jika 30, wato sefa 30,000. Duk sati ina sayen gyaɗa tiya goma, in sami mai lita bakwai da ƙuli-ƙuli, kuma kayana ba ya kwana. Amma bayan wata biyar sai in buɗe gwangwani in ga ko kuɗin gyaɗa babu. Maigida yakan ce in ara masa jika biyu ko uku na cefane, ba ya maidowa, ni kuma ina jin nauyin tambaya. Dangi da maƙwabta suna ɗaukar mai bashi. Yanzu har na fara yarda da maganar mutane cewa hannuna ne ba shi da albarka. Inna, in bari ne?*

Ɗiyata, kada ki bari, kuma ki cire maganar rashin albarka daga bakinki. Macen da kayanta ba ya kwana hannunta lafiyarsa lau. Littafi ne ba ki da shi.

Kin tuna na sa jikata ta kira ki muka tambaye ki farashi? Ga abin da kika faɗa mana, na jera shi. Gyaɗa tiya goma, sefa 17,500. Niƙa a inji, 1,000. Itace, 1,000. Kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa, 500. Gishiri, yaji da leda, 500. Duka 20,500 ke nan suka fita daga hannunki. Mai lita bakwai a kan 1,500 ya ba ki 10,500, ƙuli-ƙuli ya ba ki 12,000, duka 22,500. Ribarki a sati jika biyu ce. Da na tambaye ki nawa kike samu, kin ce mini “kamar jika biyar”, domin kuɗin gyaɗa kaɗai kike cirewa, ki manta da mai inji da mai itace da ɗan kabu-kabu. Ban ma sa ladan wahalarki ba, kwana biyu na suya da murza da matsa a gaban wuta.

To duba. Ranar da maigida ya karɓi jika uku, ya tafi da ribar satin duka, ya haɗa da jika ɗaya daga cikin jarin. Ranar da maƙwabciya ta ɗauki lita ɗaya ba ta biya ba, kusan duk ribar ta tafi. In jari yana zubar da 1,500 a kowane sati, cikin sati ashirin jika 30 sun ƙare ƙaf. Sati ashirin kuwa wata biyar ne, daidai lokacin da kika ce kina buɗe gwangwani ki tarar wayam. Ba wanda ya yi miki asiri, ɗiyata.

Abin nan ya taɓa faɗa mini, shi ya sa nake jin wasiƙarki har cikin raina. A watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa ta koma rabi, ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye wajejen Gidan Rumji. Albashi ya yi watanni bai zo ba, kayan masarufi sun tashi, ga yara ƙanana. Na ari kasko na fara suyar ƙuli-ƙuli bayan an tashi daga aji. Cikin wata uku jarin ya narke. Tsohuwar da muke haya a gidanta, Allah ya jiƙanta, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, ita ta zaunar da ni a bakin murhu ta ce: “Malama, kullum akuyarki kike yanka, ki dawo kina cewa ba ta haihuwa. Uwa ba a cin namanta, nononta ake sha.” Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini ƙulli biyu, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Ta ce ko ɗanta ne ya zo yana kuka, ƙullin farko ba ya kwancewa. Daga ranar ban sake karyewa ba.

Ki samo gwangwani uku. Na farko na uwa, wato abin da zai sayo gyaɗar sati mai zuwa da niƙa da itace. Na biyu na riba. Na uku na zubi, ko dala hamsin ce a rana. Da kin dawo daga ciniki, kafin ki cire mayafi, ki fara cika gwangwanin uwa. Abin da ya rage shi ne naki na kashewa. Kuma uwar kuɗin kada ta daɗe a ɗaki tana kallonki, domin kuɗin da ke kusa da hannu kowace buƙata tana ganinsa. Ki maida ita gyaɗa da wuri. In kaka ta yi, wajen Oktoba da Nuwamba lokacin da gyaɗa ke araha, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu, ya fi muku sayen tiya-tiya a bazara. Abin da ya taru a gwangwanin zubi kuwa ki sa shi a jar akuyarmu ta Maraɗi, wadda aka san ta da tagwaye. Ba mai zuwa ya ce ki ara masa ƙafar akuya ya yi cefane.

Sai littafi. Kaye irin na ƴan lakwal ya isa. Shafi ɗaya abin da ya fita, shafi ɗaya abin da ya shigo, bayan kayen kuma sunayen masu bashi. In boko bai zauna miki ba ki rubuta da ajami, ko babbar ɗiyarki ta riƙa rubuta miki kowace magariba, ita ma ta koya tun yanzu.

Yanzu maganar maigida, wadda na san ita ce ta fi ci miki rai. Ba zan zage shi ba. Tun da aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, maza da yawa a garin nan da abincinsu ke kan hanyar Ɗan Isa da Jibiya suka shiga wani hali, kuma ko da aka buɗe a watan Maris na 2024 ba kowa ne ya miƙe ba. Mai yiwuwa da gaske ba shi da shi. Amma ki san matsayinki a addini. Ciyar da gida a wuyan miji yake, dukiyar mace kuwa tata ce. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 32, Allah ya ce maza suna da rabo daga abin da suka tsuwurwurta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsuwurwurta. In kin taimaka masa don Allah kina da lada, har lada biyu, kamar yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗa game da Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, mai sana'ar hannu da ke ciyar da mijinta: ladan zumunci da ladan sadaka. Sai dai kyauta daban, rance daban. Abin da ke ɓata zama shi ne a kira abu rance da baki, a ɗauke shi kyauta a zuci, ke kina jira shi ya manta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda ya rubuta bashi bai yi rashin kunya ba.

Kada ki tada maganar lokacin da ya miƙo hannu, kuma kada a gaban yara. Ki bari bayan isha'i, ya ci ya sha, ki ɗauko kayen ki zauna kusa da shi ki ce: “Malam, ga abin da sana'ar nan ke kawowa, jika biyu a sati. Daga ciki na ɗauke maka sabulu da kuɗin niƙan gida. Wannan kuwa uwar kuɗi ce, in na taɓa ta sana'ar ta mutu, mu duka mu rasa.” Maza da yawa suna ganin kuɗi na shiga gwangwani kullum sai su zaci duka riba ce, kamar yadda ke ma kika zata. In ya ga lissafin da idonsa, akasari kunya ce za ta kama shi, ba fushi ba.

Dangi da maƙwabta kuwa, kara ce ke cin jarin matan garin nan fiye da gara. Ki kafa doka ɗaya ki faɗe ta da fara'a ga kowa: ba sabon bashi sai an biya na baya. Wadda kika san ba ta da halin biya, ki ɗebi ɗan mai daga ribarki ki ba ta kyauta ki huta. Kuma don Allah ki riƙa tsince gyaɗa mai funfuna kafin ki soya, kada ki ce asara ce. Gubar da ke cikinta tana taɓa hanta, kuma ƴaƴanmu ne ke cin ƙuli-ƙulin.

Daga wata budurwa, unguwar Ali Ɗan Sofo

*Inna, ina wuni. Shekaruna 25. Na gama lisans a fannin noma a jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗankulodo, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara ɗaya da rabi ina gida ina kai takardu ofis-ofis. An sa ranar aurena bayan Babbar Salla. Wanda zan aura ya ce ba zai hana ni aiki ba, amma a waya muka yi maganar ni da shi, mahaifiyarsa kuwa tana faɗi a cikin dangi cewa matar ɗanta ba za ta fita ba. Ƙawata ta ce mu fara sarrafa aya da zogale muna sayarwa, amma ina jin kunya a ce mai lisans ce ke ƙulla leda. In na ga hotunan ƙawayena da suka sami aiki a Facebook sai in ji ni ba kowa ba ce.*

Ɗiyata, wannan magana ta ƙarshe ta sosa mini rai. Shekara talatin na yi a gaban allo. Na san yadda ƴan mata ke cika benci a ajin farko, in an kai aji shida ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. A ƙasar nan, bisa ƙididdigar UNICEF, kashi 76 cikin ɗari na mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi yawa. Ke kin tsallake jarrabawar brebe ta ƙaramar sakandare, kin tsallake bak ta babbar sakandare, kin fito jami'a. Akwai uwa da ta hana kanta zane, akwai uba da ya toshe kunnensa daga surutun mutane, kafin ki kai nan. Kada ki sake cewa ke ba kowa ba ce.

Mu fara da auren, don shi ne mai rana. Tun ran gini ran zane. Alkawarin waya da dare mai daɗi ne, amma ba shi da shaida. Ki sami mahaifiyarki ko gwaggonki ki faɗa mata, ita ta kai ga baffanki ko wanda zai yi miki walicci, domin ranar da manya suka zauna kafin ɗaurin aure a faɗi maganar a fili. Kuma a faɗe ta dalla-dalla, kada a tsaya ga “ba za a hana ta ba”. Aikin ofis ko sana'a, duka ya yarda? In aikin ya ce a kwana a Dakwaro ko Tasawa fa? Abin da kika samu wa ke riƙe da shi? Wannan ba rashin yarda da shi ba ne, gata ma kika yi masa. Gobe in Hajiyarsa ta matsa, yana da abin faɗi cikin ladabi: “Inna, iyaye sun riga sun yi magana.” Yaron kirki ba ya iya musu da mahaifiyarsa a kan alkawarin da ya yi wa budurwa a ɓoye, amma yana iya tsayawa a kan maganar da baffanninsa suka shaida. In kuwa ya ƙi maimaitawa a gaban manya abin da ya faɗa miki a waya, to kin sami amsarki tun ba a sa ki lalle ba, sai ki yi istihara ki yi shawara da iyayenki.

Surukarki kuma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba tun ba ki shiga gidan ba. Tsoron irin waɗannan iyaye sananne ne: wa zai girka wa ɗana, wa zai riƙe jikokina, me mutane za su ce. Gwaggonki ta je ta gaishe ta da goro, ta ji damuwarta, a ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya.

Sai kunyar ƙulla leda. Wa ya gina Maraɗi? Ciniki ne. Alhazan garin nan da ake jin sunansu har Yamai da Kano, da yawansu daga awon gyaɗa da ɗaukar kaya suka taso, kuma iyayenmu mata suna cikin kulle suka aurar da ƴaƴa da kuɗin fura da ƙosai da mai. Ke abin da kika fi su shi ne kin san dalilin abu. Kin san me ya sa ake shanya zogale a inuwa ba a rana ba. Kin san yadda danshi ke ɓata gari. Kin san buhun nan mai hawa uku da ake adana wake ba tare da maganin ƙwari ba, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke Tarna, suka yi aiki a kansa a nan ƙofar gidanmu. Ayar Agye da Cadawa da Gazawa tana fita da buhu-buhu ɗanya, wasu can su sarrafa ta su ci ribar. Zogalen Jiratawa yana nan shekara duka. In mai lisans a noma ta ji kunyar taɓa waɗannan, wa zai taɓa su?

Ku fara kaɗan, da abin hannunku, kada ku ci bashi. Kaya ɗaya tak, wata uku. Abin da za ku duba shi ne ko akwai mutum goma da suka saya suka dawo da kansu, ban da dangi masu saye don kara. Ke da ƙawarki ku rubuta yarjejeniya tun yau kuna shiri, nawa kowa ta sa, yaya za a raba, in ɗaya ta yi aure ta bar gari yaya za a yi. Ki karanta amsar da na ba yayarki ta Sabon Gari, gwangwani ukun nan har da ku. In abin ya kankama sai ku je a yi muku rajistar kasuwanci da lambar haraji, da sunayenku, domin manyan kantuna da ƙungiyoyi ba sa saye sai da takarda. Kuma kada ki daina kai takardun neman aiki. Ranar da aka kira ki aka tambaye ki me kike yi tun da kika gama, ki ajiye musu ledar garin zogalenki da kayen lissafinki a kan tebur.

Facebook kuwa, ki rage shi zuwa lokacin da za ki sa hoton kayanki. Ba mai sa hoton ranar da kwantaraginsa ya ƙare.

Daga wata uwa, wani ƙauye kusa da Madarumfa

*Inna, mata sun zaɓe ni shugabar asusunmu, mu ashirin da biyar ne. Ban yi lakwal ba. In na tashi yin magana muryata rawa take, gumi ya karyo mini, in manta abin da zan ce. Ina so in ce su ba wata.*

Ƙanwata, kada ki mayar musu. Ba don zaƙin murya suka zaɓe ki ba, amana suka gani. Mata ashirin da biyar ba sa haɗuwa su miƙa akwatinsu ga wadda ba su auna ba.

Kin san daga ina wannan asusu ya fito? Daga nan jiharmu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauyukan Maraɗi, aka kira shi Mata Masu Dubara. Yawancin waɗanda suka fara ba su taɓa shiga aji ba. Da ka suke riƙe lissafi, kowace ta san zubinta da na wadda ke zaune kusa da ita, akwati da kwaɗo uku, mabuɗai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta, kuma daga hannun mata irinki aka koya. Tun kafin nan ma, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, tana naɗa wa matan ƙauye malfa ta kira su jaji, su koma garuruwansu su tsaya gaban mata ƴan'uwansu su koyar. Tsayuwar mace gaban taron mata tsohon abu ne a ƙasar Hausa.

Ga abin da nake koya wa ɗalibaina masu rawar murya. Kada ki shirya jawabi, ki shirya abu uku kawai, ki ɗora kowanne a kan yatsa: nawa ke cikin akwati, wa zai biya yau, me za a yanke. Ki faɗe su da ƙarfi ke kaɗai kina daka ko kina tatsar nono, har bakinki ya saba. A wurin taro ki fara da sallama da salati, wannan bakinki ya san shi, kafin ki gama numfashinki ya daidaita. Ki dafa akwatin da hannu ɗaya. Ki kalli fuskar mace ɗaya da kika san tana ƙaunarki, ki yi kamar da ita kaɗai kike. Muryar za ta yi rawa a zama na farko da na biyu da na uku, ki bar ta ta yi, lissafin dai ya fito daidai. Wata rana za ki gama taro ki dawo gida sannan ki tuna yau ba ki yi gumi ba.

Abu ɗaya zan ƙara, don na san zai taso miki a matsayin shugaba: maganar ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. A asusunmu ta kusa raba mu, wasu suka ce kuɗin ruwa ne ba za su ci ba. Muka je wurin malami tare, muka dawo muka yanke cewa rance a maido shi yadda aka ɗauka, riba kuwa mu neme ta ta hanyar sayen hatsi da wake da kaka mu sayar gaba. In ta taso muku, kada ki yanke ke kaɗai, kuma kada ki bari a yi ta a bayan fage. Ki kawo ta tsakiyar tabarma.

Daga wani magidanci, unguwar Zariya

*Hajiya, matata tana karanta shafinki. Tun da ta fara sayar da atamfa ta koyi cewa “kuɗina”. Mace in ta sami kuɗi raini ke biyo baya. Ku ji tsoron Allah, kada ku kashe mana aure.*

Malam, na gode da ka rubuto, kuma na karɓi nasiharka, Allah ya sa mu ji tsoronsa. In matarka ta ɗaga maka murya ko ta yi maka gori da abin hannunta, ta yi laifi, kuma ina faɗa mata a nan tunda tana karantawa: ɗiyata, ki bari, ki ba shi haƙuri. Amma kalmar “kuɗina” ita kaɗai ba raini ba ce, gaskiya ta faɗa, kamar yadda kai ma kake cewa shagona. Nana Hadiza, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake Sham, kuma ba a taɓa samun matar da ta girmama mijinta kamarta ba. Mai raini ko da tsinke ba ta da shi za ta yi.

Bari in gaya maka abin da idona ya gani. Na shiga gidajen takaba da yawa a garin nan. Na ga mace ta cika wata huɗu da kwana goma, masu gaisuwa sun watse, ta fito da marayu shida ba ta san yadda ake sayen buhun gero ba, domin ba a taɓa barinta ta riƙe komai ba. Mijin yana ƙaunarta, ya ɗauke mata komai, amma bai bar mata hannu ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, da farko bai so sana'ata ba. Ya ce hayaƙi ya cika gida, kuma abokansa za su ce ya kasa. Na ba shi haƙuri na ci gaba da nuna masa kayen duk ƙarshen wata. Bayan shekara guda, da muka dawo cikin gari, shi da kansa yake ɗaura jarkar mai a bayan kekensa ranar Litinin da Juma'a ya kai mini bakin kasuwa kafin ya wuce aiki. Da ciwo ya kwantar da shi shekara biyu, man gyaɗan nan ne ya sayi magani ya biya kuɗin lakwal, bai taɓa aika yaro gidan ɗan'uwansa roƙo ba. Kayen farko da ya ja mini layi a ciki da jan biro yana nan cikin adakata har yau.

Yau da dare, Malam, ka ce ta kawo maka littafinta ku duba tare, ka tambaye ta turmi nawa ta sayar a watan nan, kuma su wa suka riƙe mata kuɗi. Wataƙila cikin masu bashin akwai matan abokanka da kai kaɗai za ka iya karɓo mata. Ka rubuto mini wata mai zuwa in ji yadda kuka yi.